Inda Idon Sabi'u Ya Tsaya

Tunda na dawo daga Abuja ban huta ba. In na je gidan suna, "Dije, yaya Abuja?" In na je niƙa, "Dije, wai da gaske ne ba a ganin akuya a titi?" Har Malam, mijina, wanda ya raka ni tasha da ƙafarsa, kullum bayan la'asar sai ya sake tambayata abin da ya riga ya ji. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da rabi ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, maganar ƙanena Sabi'u ce. Shekara tara na ba shi, kuma ni na goya shi, don lokacin Inna tana fama da ciwon baya. A wani ƙauye kusa da Babura aka haife mu, ni aure ya kawo ni Magarya a Nijar. Shi kuwa ya tafi Abuja cin rani da niyyar wata huɗu, sai ga shi ya shekara goma. Sau biyu kacal ya leƙo gida. Da Baba ya rasu bai zo ba, sai ranar sadakar uku ya kira ni a waya, ya ce, "Yaya." Zuciya ta ɗebe ni, na ce masa, "Kada ka sake ce mini Yaya. Abuja ce yayarka." Na kashe wayar. Ya yi ta kira bayan nan ban ɗauka ba, wai ni a dole bari ya ɗan ji a jikinsa. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Kafin labari ya iso mu an riga an yi masa sutura a can.

Inna tana wurina tun rasuwar Baba, idanunta sun tafi, sai dai lalube. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Dije, yaron nan yana tuna mu kuwa?" Ni ma ina da tawa tambayar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ko da maganata ya tafi a ransa. Wallahi abin ya hana ni sakat.

Ana nan wata Talata wata mata ta kira ni da lambar Najeriya. Ta ce, "Sunana Rifkatu, tare muke aiki da Sabi'u. Kai ne Yaya?" Na ce ni ce, amma mace ce ni. Ta yi dariya ta ce in yi haƙuri, Hausarta ta Abuja ce. Ta ce akwai wani abu nasa a cikin na'urar wurin aikinsu, ƙarshen wata za a kwashe na'urar a kai Legas, a goge abin da ke ciki. Na ce kaya ne? Ta ce a'a. Hoto ne? A'a. "Kallo ne da ya yi, injin ya ajiye." Ban gane komai ba. Na gaya wa Malam, ya ce, "Tafi ki gani, ko kya samu barci."

Inna ta hana ni fita hannu rabbana. Ta sa na ƙulla daddawa da busasshiyar kuɓewa, wai a kai wa mutanen da suka binne mata ɗa. Daddawar nan ita ta fara ja mini magana a kan iyaka. Wani ɗan kwastan mai zafin nama ya ce sai ya ga abin da ke cikin ƙunshin. Na ce, "Ɗana, bar shi a rufe ya fi maka alheri." Ya ƙi. Yana kwance ledar warin ya buge shi, ya ja baya yana tari, abokan aikinsa suna ta dariya. Jami'in da ke gaba da shi, na shige da fice, ya juya katin shaidata ya ce, "Hajiya, ke 'yar ina ce ne, can ko nan?" Na ce, "Nan aka haife ni, can nake tuƙa tuwo." Ya miƙo mini katin ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na kwana a Kano gidan 'yar kawuna, da safe na hau motar Abuja. Kusa da ni wani Alhaji ne mai sayar da turare, wanda ya san komai. Tun daga Kwanar Ɗangora yake koya mini zaman Abuja: kada in tsallaka titi sai ta gada, kada in gaida wanda ban sani ba, kada in shiga motar da ban ga mace a ciki ba. Da muka wuce Kaduna kuwa bakinsa ya mutu, motar ta yi tsit, kowa yana jan abin da ya sawwaƙa, don kun san labarin hanyar nan. Sai da muka tsaya cin abinci a Tafa aka dawo da hira. Na sayi shinkafa da wake, aka zuba mini barkono kamar da gayya.

Gab da shiga Abuja wani ƙaton dutse ya tare mana gaba. Alhaji ya zungure ni ya ce, "Ga fuskar mutum can a jikinsa, kin gani?" Na duba, ai kuwa ga idanu, ga hanci. Wani ɗan boko a kujerar gaba ya ce babu wata fuska, sawun ruwan sama ne kawai. Suka yi ta musu har Zuba. Ni dai na ga fuska, kuma fuskar mai baƙin ciki ce.

A tashar Mararaba Rifkatu ta tare ni. Gajeriya ce, baƙa, 'yar Filato, da ɗan gicciye a wuyanta. Ban ce uffan ba ta nufo ni ta rungume ni, ta ce, "Wushiryarku ɗaya." Daga nan muka hau wata mota zuwa Masaka, inda take zaune, inda shi ma Sabi'u ya zauna. A nan na fara gane cewa masu yi wa Abuja aiki ba a Abuja suke kwana ba. Ɗaki da falo gare ta a gidan haya mai ƙofa na kallon ƙofa, ruwa kuma sai an sayo wurin masu kura. Abin da ya kashe mini jiki, na tarar ta sayi sabuwar buta da sabuwar tabarma, har ta je ta tambayi mai shayin bakin layi ina ne gabas, ta yi alama da alli a bango. Ta dafa mini gwaten acca da yakuwa. Na leƙa kwanon na ce, "Rifkatu, wannan kunu ne ko miya?" Ta ce in ci dai. Sai da na yi ƙari.

Na tambaye ta me ya hana shi zuwa gida. Ta ce kullum maganarsa ita ce sai ya sami abin da zai shiga gida da shi. Na ce, "Wa ya tambaye shi wani abu?" Ni ma na san ba ita nake tambaya ba.

Washegari muna idar da sallar asuba, wato ni ina idarwa ita tana karatun littafinta, muka fita. Jama'a, ban taɓa ganin cunkoso irin na hanyar nan ba. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, mota tana tafiya kamar ba ta so. Wani yana cin ƙosai a cinyarsa, wata tana ɗaura ɗankwali, wani yana barci da jakarsa a ƙirji. Babu mai ce wa wani ina kwana. Ni da na gaida na kusa da ni sai ya dafe aljihunsa. Sabi'u ya yi shekaru yana bin hanyar nan safe da yamma, ni ina can ina cewa yana shan daɗi.

Wurin aikin nasu a Gwarinpa yake, unguwar da gidajenta duk kamanninsu ɗaya, titunan kuma lamba gare su maimakon suna. In aka sake ni a can sai dai a yi cigiya. Gidan nuna zane-zane ne, ciki sanyi kamar randa, bango fari fat. Mai wurin wata Bayarabiya ce mai furfura, da wando, kowa yana ce mata Oga Madam. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Sannu, Mama. Sabi'u mutum kirki ne." Hausarta ke nan ta ƙare, sauran Rifkatu ta riƙa fassara mana. Aikin Sabi'u a wurin gadi ne da shara.

Suka zagaya da ni. Ashe zanukan ba na ainihi ba ne, na ainihin suna ƙasashen Turai da masu gadi a kansu, mutane suna bin layi don su gan su. Waɗannan a manyan allunan kwamfuta ake nuna su. Akwai wata mata da aka ce duk duniya an san ta, ko gira ba ta da ita, tana wani guntun murmushi irin na wadda ta ji gulma ta ƙi faɗa. Akwai wani na sararin sama yana murɗawa kamar ana dama fura. Akwai kuma waɗanda na kau da kai na yi a'uzubillahi, don masu zanen sun manta da tufafi.

Na'urar kuwa kujera ce da allo, da wani ɗan gilashi a ƙasan allon. In ka zauna kana kallon zane, gilashin yana bin ƙwayar idonka, ya ja layi duk inda ka duba, inda ka daɗe kuma layin ya taru ya yi kauri. Rifkatu ta ce maza da yawa sun sha kunya a kujerar nan, mutum ya rantse fuska ya kalla, takarda ta fito ta ƙaryata shi. Ita ma kwamfutar tana da nata kallon. Tana yanka zanen ƙanana-ƙanana, ta nemi inda haske ya haɗu da duhu, ta zagaye abin da ta gane da akwati, ta sa masa suna: mutum, bishiya, kare. Sana'ar Oga Madam ita ce ta haɗa layukan mutane da na kwamfuta su zama sabon zane mai motsi a jikin bango. Na kalle shi, zare ne kala-kala yana saƙa kansa yana warwarewa. Da kyau kam, amma na ce ni ba wannan ya kawo ni ba.

Rifkatu ta ce, "Zauna tukuna, ka kalli wanda yake kalla, kafin in nuna maka nasa."

Na zauna, aka ce kada in motsa kai. Zanen girbi ne, na wata ƙasa mai sanyi, an ce ya yi shekaru ɗaruruwa. Gona ce ta alkama ta nuna jawur, maza suna yanka, mata suna ɗaure dami, wasu sun zauna gindin bishiya suna cin abinci. Abin da na fara lura da shi, ɗaurin damin nasu sakwa-sakwa ne, da Baba ya gani da sun sha faɗa. Sai idona ya faɗa kan wani mutum kwance a gindin bishiyar, ya baje ƙafafu, baki buɗe, yana sharar barci ana tsakar aiki. Haka Sabi'u yake yi a gonarmu, sak. In an nemi shi an rasa, a duba gindin gawo. Ban san lokacin ya cika ba sai da allon ya yi duhu.

Aka fito da layina, ja ne. Ya ɗan zaga kan damin, sannan ya tattaru ya dunƙule a kan mai barcin. Aka ɗora na kwamfuta, kore ne, ya bi fuskoki da fararen riguna da gefen bishiya, tsaf-tsaf, kowane mutum da akwatinsa. Bai tsaya wa kowa ba.

Sannan Rifkatu ta yi mini bayani. Kowace safiya kafin a buɗe wa baƙi, dole wani ya zauna a gwada ko na'urar tana aiki. Sabi'u ne yake riga kowa zuwa, don haka in ya gama shara shi yake zama. An ba shi zaɓi cikin zanukan duka, bai taɓa zaɓen wani ba sai wannan. Ta danna wani abu, layi shuɗi ya fito yana tafiya a hankali, daidai yadda idonsa ya yi tafiya ranar.

Ya fara duba sama, kamar kowane manomi. Ya sauko kan alkamar. Ya ratsa ta kan masu cin abinci bai tsaya ba, ya wuce mai barcin ko a jikinsa. Sai ya haura can ƙurya ta sama, inda wata siririyar hanya ta fito daga ƙauye ta shigo gona, ya tsaya a kan wani ɗan ɗigo da ni ko ganinsa ban yi ba. Ya tsaya, ya tsaya, har lokaci ya cika. Ta sa na washegari, haka. Na wata ranar, haka. Da ta ɗora su duka a kan juna, wurin ya zama dunƙulen shuɗi kamar an zubar da baban rini.

Na ce, "Mene ne a wurin?"

Aka matso da shi. Wani abu ne tsaye a kan hanyar, da tudu a kansa, da ƙullutu a bayansa. Kwamfutar ta zagaye shi da akwati ta rubuta kututture. Oga Madam ta yi magana mai tsawo, Rifkatu ta juya mini. Wai Sabi'u ya sha yi mata musu, yana cewa, "Oga Madam, injin nan ƙarya yake yi. Yarinya ce, abinci take kai wa gona, ga goyo a bayanta." Ita kuma ta duba littattafan masana ba ta ga wanda ya ambaci wurin ba. Da aka ƙara matsowa ma sai abin ya watse, ya zama shafar fenti uku, biyu ruwan ƙasa, ɗaya fari.

Ni ba sai an matso mini ba. Na san wannan tafiyar. Ƙwaryar fura a ka, yaro a baya, rana tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, shi kuma yana ja mini kitso. Shekara nawa na yi ina yin ta.

Rifkatu ta ce a hankali, "In ya ajiye tsintsiya sai ya ce, bari in je in gaida Yaya."

Na ce, "Yaushe? Kafin rasuwar mahaifinmu ko bayanta?" Ta ce ai wurin ma bayan rasuwar aka buɗe shi, ta tuna don lokacin da ya fara aiki ana yi masa ta'aziyya. Ta nuna mini na ƙarshe, kwana huɗu kafin ya cika. Layin yana ɗan karkarwa, ta ce ran nan da zazzaɓin a jikinsa ya zo aiki, amma wurin dai ya je.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Kuka na yi mai sauti a gaban Bayarabiya da baƙi biyu Turawa, ina cewa, "Na'am, Sabi'u. Na'am." Duk kiran da na ƙi ɗauka, ashe nan yake zuwa ya yi shi. Kewarsa ta taso mini irin wadda ban ji ba ko ranar da aka faɗa mini rasuwar, na ji da ma a ba ni minti ɗaya da shi, ko faɗa ne mu yi.

Da na natsu Oga Madam ta tambaye ni ko na yarda ta bar layinsa cikin zanen bango, ko a cire. Na ce a bar shi, amma da sharaɗi: a gyara wa injin nan, ya daina ce mini kututture. Ta yi dariya da hawaye a idonta, ta ce za ta rubuta masa cewa mutum ce, zai kuma karɓa, sai dai ba ta yi alkawarin zai gane wata irinta gobe ba. Na ce wannan matsalarsa ce. Ta sa aka buga mini zanen a kan wani yadi mai kauri, da layin shuɗi da jan a kai, aka cire koren.

Kafin in taho Rifkatu da mai shayin nan suka kai ni maƙabartar Masaka. Na tsaya daga bayan katanga, mai shayi ya shiga ya tsaya a kan kabarin ya ɗaga hannu don in ga wurin. Na yi masa addu'a. Na raba daddawar Inna, rabi ga mai shayi ya kai wa waɗanda suka yi wanka da haƙa, rabi ga Rifkatu, wadda ta ce ba ta san yadda ake amfani da kuɓewar ba sai na tsaya na kaɗa mata miya.

A dawowa, a kan iyaka ta ɓangarenmu, wani jandarma ya warware yadin ya ga layuka sun bi gona sun haura tudu. Ya ɗaure fuska ya ce, "Taswirar ina ce wannan?" Na ce, "Hanya ce daga wurin ƙanena zuwa wurina." Ya dube ni, ya dubi yadin, ya naɗe mini abina da kansa, da alama ya ɗauka ba ni da cikakken hankali.

Ina shiga gida, ko mayafi ban cire ba, Inna ta ce, "Yana tuna mu?" Na ce yana tunawa, ga ma shaida na kawo. Na shimfiɗa mata yadin a cinya. Ta shafa, ta shafa, ta ce, "Dije, ni ban ji komai ba, sumul yake." Sai a lokacin na tuna. Na yi tafiyar kwana shida na kawo wa makauniya abin kallo.

Na aika aka sayo mini zaren hula mai kauri. Kwana uku ina bin layin shuɗin nan da allura, daga sama zuwa alkama, daga alkama zuwa ƙurya, a ƙarshen na yi ƙulli babba. Na kama yatsan Inna na ɗora a farkon zaren, na ce, "Nan ya fara dubawa, sama ce, yana neman hadari." Ta bi a hankali, ina faɗa mata abin da take wucewa, har ta kai ƙullin. Ta ce, "Nan fa?"

Na ce, "Ni ce, Inna, zan kai fura gona. Ga shi a bayana."

Ta daɗe tana murza ƙullin da yatsa. Can ta ce, "Ke kuma da kika zauna, ina kika duba?" Ban ɗinka nawa ba, don haka na ja hannunta zuwa gindin bishiyar na ajiye. Na ce, "Nan. Wani ne kwance ana ta aiki, ya baje ƙafafu, baki buɗe."

Inna ta yi 'yar dariya, ta shimfiɗa tafin hannunta ta rufe wurin. Ta ce, "Haka yake tun yana yaro. Ƙyale shi, kar ki tashe shi."